Faifan da Uinise Ta Aiko

Brisbane,
6 ga Maris, 2010.

Zuwa ga Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Sitani da duk mutanen 'Uiha. Yaya jikin Kaka Fusi? An ce mini ƙafar ta sake kumbura. Mu nan lafiya lau, sai Mama da ke fama da ciwon sukari, kuma ba ta jin maganar likita. Jiya na kama ta da gwangwanin nama a bayan firij, wai ajiya aka ba ta.

Bayan gaisuwa, a cikin kwalin da matar Fasto za ta kawo muku, ƙarƙashin sabulai, akwai makirfo da wani ɗan baƙin akwati na ɗaukar murya da faifai biyu. Ki ajiye mini su inda danshi ba zai kai ba. A Disamba zan zo in ɗauki muryar Kaka tana rera waƙar gidanmu. Baiti talatin fa, Kalo, kowanne da nasa karin, kuma duk duniya babu mai su sai tsohuwa 'yar shekara tamanin da bakwai. Tun ina aji uku nake cewa ni zan yi wannan aikin, yanzu kuwa na sami hali.

Na san ki da ƙaiƙayin hannu, shi ya sa nake ja miki kunne. Faifai na farko babbar manhaja ce, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Na biyu na ɗaukar murya ne, kuma ba ya aiki sai a kan ta farkon. Kamfanin ya ƙera babbar manhajar ne don kwamfutocinsa kaɗai. Kowace irin kwamfuta kika sa wa, sai ta leƙa ta ga ba gidansu ba ne, ta ƙi zama. Shekara huɗu ina aiki a shagon da ke da lasisin gyaran kayansu, na san abin da nake faɗa. Zan zo da tawa ta asali, siririya, fara tas.

Ki gaishe da Kawu, ki ce masa ina nan tafe, ya fara kiwata mini ɗan alade.

'Yar gwaggonki,
Uinise.

'Uiha,
20 ga Yuni, 2010.

Zuwa ga Yaya Uinise,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya Gwaggo Mele'ana da jiki? Ki bar mata namanta, don Allah, rabin gwangwani ba zai kashe ta ba. Baba lafiya. Kaka kuwa da sauƙi, amma numfashinta ya rage tsawo. Ɗan aladenki ya yi ƙiba har ya fara raina mutane.

Yaya, zan faɗa miki wani abu, amma sai kin zauna tukuna. Na taɓa kayan. Ki yi haƙuri, hannun ne.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar makarantar firamare, wadda ɓera ya haihu a cikinta? Hedimasta ya ce a jefar, na ce a ba ni. Na wanke ta da burushin haƙori, na sa faifanki. Gaskiyarki, ƙi ta yi. Ta nuna mini wata da'ira da aka soke ta tsakiya, ta yi shiru. Haushi ya kama ni. Duk ranar Juma'a da kwalekwale zai kai tabarmi Pangai sai in bi, in biya awa ɗaya a shagon intanet. Ashe akwai mahaukata irina a duniya, suna da dandali guda inda suke koya wa juna. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ake sawa a gaba, aikinta kawai ta yi wa babbar ƙarya, ta ce mata nan gidanku ne, shigo. Ta shigo ɗin, amma allo ya yi baƙi. Na canza katin hoto da na wata matacciyar kwamfuta a ofishin coci. Hoto ya zo, murya ta ƙi. Sati biyar ina bin layi ɗaya na rubutu, ina canza lamba ina kunnawa. Ranar Talatar da ta yi magana, ihun da na yi sai da kaji suka watse.

Yanzu tana zauren coci, inda sola take. Da rana ta ɗaga, Baba ya goyo Kaka mu tafi. Ba ta iya wuce baiti ɗaya a yini, wani lokacin ma sai ta huta kwana biyu. Mun kai goma sha biyu. Da na kunna mata ta ji kanta, sai ta ce, "Wace tsohuwa ce wannan mai satar waƙar ubana?" Matan saƙa suka fashe da dariya. Ta dafa kaina ta ce wannan 'yar tana da kan da ba na gidanmu ba.

Kin ga ba sai an jira Disamba ba. Na so ki ji daga bakina kafin ki ji a gari.

Ƙanwarki,
Kalo.

Brisbane,
17 ga Yuli, 2010.

Kalolaine,

Muna lafiya. Ina fatan Kaka na samun sauƙi. A gaishe da Kawu.

Wasiƙarki ta iso, kuma ba ni kaɗai na ji ta ba. Mama ta ɗauke ta daga kan tebur ta kai coci, ta karanta wa matan zumunta a wurin shan shayi. Wurin kaji sai da ta maimaita sau biyu. Yanzu duk inda na juya, Kalo, Kalo. Wata har tambayata ta yi ko zan koma gida ki koya mini aiki. Ni da na yi shekara uku a kwaleji, na tsaya a gaban masu jarrabawa! Mama kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa karanta wa kowa takardar shaidata ba, tana can cikin akwati tare da tsofaffin rasitai.

"Ba sai an jira Disamba ba." Na gode. Na gane. Wato in zauna inda nake, an riga an yi ba ni. Kayana ne fa, Kalo. Ni na saya, ni na ɗaure, ni na ce ki ajiye. Ke kullum kina gindin Kaka, tana dafa miki kai. Ni abu ɗaya tak na keɓe wa kaina da zan yi mata, shi ma kin miƙa hannu kin ɗauke. Kin manta ko ni 'yar wace ce a gidan nan? A al'adarmu, 'ya'yan 'yar'uwa mace suna da iko a gidan kawunsu. Tun muna yara, in na shigo gidan Kawu na nuna abu, ba a cewa a'a. Yau ke ce kike shiga kayana.

To, tun da kin zama injiniya, bari in taimake ki. Manhajar da kika ɗora tsohuwa ce. Ga faifai nan na sabuntawa, wanda kamfani ya fitar watan jiya, shi muke sa wa kowace kwamfuta a shago. Ki sa shi kafin ki ƙara ɗaukar ko da baiti ɗaya. Ba na son muryar Kaka ta zauna a kan tsohon abu. Wannan ba shawara ba ce.

Akwai gwangwanin nama shida a kwalin, na Kawu ne.

Uinise.

'Uiha,
8 ga Agusta, 2010.

Zuwa ga Yaya Uinise,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan Gwaggo na lafiya. Baba ya gode da nama. Kaka ta kwana biyu ba ta ci doya ba, sai romon kifi.

Yaya, ba haka nake nufi ba. Da na ce ba sai an jira Disamba ba, ƙirjin Kaka nake dubawa. Ke ba kya jin yadda take jan numfashi a tsakiyar baiti. Tsoro ne ya sa ni, ba son a yabe ni ba. Da kin zo gobe, da na tashi na ba ki kujerar.

Kwamfutar ta mutu. Ga yadda aka yi. Ranar da kwalin ya iso ina bakin teku wurin jiƙa ganyen saƙa. Kafin in dawo Baba ya buɗe wasiƙar, ya karanta a gaban mutanen da suka zo ganin kaya. Ina shigowa ya miƙo mini faifan, ya ce, "Ga saƙon yayarki, je ki sa." Na ce, "Baba, irin tawa ba a sabunta ta haka. Sabuwar za ta share ƙaryar da na yi mata, ta gane ba gidansu ba ne." Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "'Yar 'yar'uwata ta aiko da magana daga ƙetaren teku, ke 'yata ki ce a'a? A gidana? So kike Mele'ana ta ji an ce na raina jininta?" Na ce a bari mu gama waƙar tukuna, saura goma sha ɗaya. Ya ce, "Ta ce kafin baiti ɗaya. Ko ba ki iya karatu ba ne?" Ya ɗaura 'yar tabarmarsa ta girmamawa a ƙugu kamar mai zuwa taro, ya raka ni zauren coci, ya tsaya a kaina har na danna.

Ta yi ta aiki kusan awa ɗaya, ta kashe kanta, ta kunna. Sai ga da'irar nan da aka soke.

Baiti goma sha tara suna ciki, ban yi zaton sun lalace ba. Amma rumbun ajiya ɗaya gare ni. In zan sake ɗora manhajar daga farko, sai na goge shi, muryar Kaka ta tafi. Ba zan iya ba. Abin da nake bukata rumbu na biyu ne, ko tsoho, in ɗora a kansa in bar wancan. Babu a Pangai. Na aika Nuku'alofa, aka kawo mini mai wani irin baki da bai shiga ba. Irin mai faffaɗan bakin nan nake so, na da, na san kuna zubar da su a shago.

An ce matar Fasto za ta sake tasowa ranar ashirin ga wata. Don girman Allah, Yaya, ki ba ta.

Ƙanwarki,
Kalo.

'Uiha,
12 ga Satumba, 2010.

Zuwa ga Yaya Uinise,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan Baba lafiya, Kaka ba lafiya.

Matar Fasto ta iso. Na je bakin gaɓa tun kafin kwalekwale ya tsaya, na shiga ruwa har gwiwa. Ta ce ta gan ki a coci, kun gaisa, ba ki ba ta komai ba. Na ce ko dai ta manta a wata jaka, muka zazzage jakunkunanta uku a kan yashi.

Na gwada wata hanyar. Na zauna da littafi, Kaka na faɗa ina rubutawa, na sami kalmomin baiti goma sha ɗayan duka. Sai karin. Ta rera, na bi. Ta ce sake. Na sake. A karo na huɗu ta toshe kunne ta ce, "Kalo, Allah ya ba ki kai, amma ya hana ki maƙogwaro. Bari, kina ɓata wa ubana waƙa." Na kira mata biyu daga ƙungiyar mawaƙan coci. Ta ƙi. Ta ce waƙar gida ba ta fita ta bakin bare, in ba jininta ba sai dai na'urar, don na'ura ba ta da dangi. Kin san ta in ta kafe.

Kullum sai ta tambaya, "An gyara akwatin?" In ce saura kaɗan. Jiya ta ce, "Uinise za ta aiko, ita ba ta mantuwa."

Ɗan hedimasta zai taso daga Brisbane ƙarshen wata. Ko ba za ki rubuto ba, ki ba shi rumbun.

Kalo.

Brisbane,
24 ga Oktoba, 2010.

Zuwa ga Kalo,

Gaisuwa da ta'aziyya. Yaya haƙuri? Yaya Kawu? Mama ta dawo lafiya daga jana'iza, amma ba ta cin abinci sosai, tana zaune da baƙaƙen kayanta tana kallon bango. Na ce mata shago ne ya hana ni hutu. Ƙarya ce, ban nema ba. Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Rumbun da kika ba Mama ta kawo, na buɗe shi a wurin aiki. Baiti goma sha tara suna nan, babu abin da ya taɓa su. Kalo, aikinki ya yi kyau. Na nemi aibi ban samu ba, kuma wallahi na nema. Na kwafe su wuri uku.

Yanzu ki ji abin da ya hana ni barci. Na san abin da faifan nan zai yi. Na sani sarai. Duk wata sai an kawo mana irin taki a shago, sabuntawa ta kashe ta, mu ce ba ma taɓawa. Na san kuma Kawu ba zai bari a tsallake maganata ba, shi ya sa na rubuta ta yadda na rubuta. Cewa na yi ta tsaya kawai, ta jira ni. In zo a Disamba da tawa, in ƙarasa, a ce Kalo ta fara amma sai da Uinise ta zo. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Rumbun da kika roƙa kuwa, tun ranar da wasiƙarki ta zo na ɗauko shi, ya yi sati biyar a jakata. Ranar da na gaisa da matar Fasto yana rataye a kafaɗata. Na ce Kaka ta ga Disamba tamanin da bakwai, za ta ga wannan ma. Daga ƙarshe na ba ɗan hedimasta, ya iso muku kwana biyu bayan an binne ta.

Kishinki nake yi, Kalo. Tun ba yau ba. Ni aka tura makaranta, ni ake shimfiɗa wa tabarma mai kyau in na zo, amma ke take kira in ƙafarta na ciwo.

Mama na ta gaya wa mutane wai ni na ceto muryar Kaka daga matacciyar na'ura. In kin ce in tashi a coci in faɗi gaskiya, zan tashi. Na kuma sayo miki kwamfuta sabuwa, ta asali, a kwalinta, wadda ba sai kin yi mata ƙarya ba. Ki faɗa mini wanda zan ba.

Uinise.

'Uiha,
21 ga Nuwamba, 2010.

Zuwa ga Yaya Uinise,

Gaisuwa da girmamawa. Mun gode da ta'aziyya. Baba na nan, ya rame. Ki lallaɓa Gwaggo ta ci wani abu, ko naman gwangwanin ne.

Na karanta wasiƙarki a bayan ɗakin girki, na sa ta a wuta kafin Baba ya dawo daga gona. Ba sabon labari kika ba ni ba. Tun ranar da na ga faifan na sani, wadda ta yi shekara huɗu a wannan shagon ba za ta yi irin wannan kuskuren ba. Na ji haushinki har na kasa cin abinci. Har yanzu ina ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ma yatsana ne ya danna. Na san abin da zai faru, na dubi fuskar Baba, na danna. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi.

Kada ki tashi a coci. Baba yana zaton tsufa ne ya kashe kwamfutar. In ya ji cewa shi ya tsaya a kaina aka yanke waƙar uwarsa, ban san abin da zai same shi ba. Ki bar shi da abin da ya sani.

Ga saƙonsa. Ranar da za a cire baƙaƙen kaya, a watan Janairu, dangi za su taru daga ko'ina, kuma ya ce ke za ki ja waƙar gida, don ke ce ɗiyar 'yar'uwarsa mace, kuma ke ce mai murya. Ki koyi goma sha taran daga faifai, ki koye su da kyau. Na haɗo miki da littafin, sauran goma sha ɗayan suna ciki da rubutuna. Ki zo. In kin kai ƙarshen na sha tara sai ki tsaya, ni kuma in tashi in karanta sauran da baki, kamar mai karanta sanarwa. Mutane za su tambayi dalili, sai mu ce lokaci ne bai kai ba.

Rumbun da kika aiko ya shiga daidai. Na ɗora manhajar a yini ɗaya, ta tashi, makirfo na aiki. Tana can zauren coci, na rufe ta da zane.

Sabuwar kuwa ki mayar musu, Yaya. Babu wanda zai rera mata.

Ƙanwarki,
Kalo.